Tabarau mai kashe ƙyalli da allon mota: yadda za ka gwada, ka gyara, ka zaɓa

Tun da rana ta fara zafi tambaya ɗaya ke ta dawo mini daga direbobi a nan Damagaram, masu motar gida da masu jigilar fasinja zuwa Maraɗi da Agadas, har da 'yan kabu-kabu. Mutum ya sayi baƙin tabarau mai kyau, irin wanda aka rubuta wa Polarized, wato mai kashe ƙyalli, a hannu ko a gefen gilashi. Ya hau kwalta, ƙyallin hanya ya kwanta, idonsa ya yi sanyi. Da ya sunkuyar da ido zai duba allon mota sai ya tarar ya yi duhu, ko wayar da ya maƙala don taswira ta yi baƙi ƙirin alhali a kunne take. Wasu har sun kai mota wurin mai gyaran wuta, sun biya kuɗin kwance rediyo, ba a sami komai ba.

Galibi allon lafiyarsa lau, tabarau ɗin ma haka. Haɗuwarsu ce ba ta yi ba, kuma ana gane wannan cikin 'yan mintoci ba tare da an kashe ko dala ba. Abin da za ka tanada: tabarau ɗin, wayarka, motar da kake tuƙawa kullum, salatif garau irin na liƙe kwali, tsumma mai laushi, da ɗan ruwa.

1. Fara tabbatar da wane ne mai laifi

Ajiye mota a fili cikin rana, ja birkin hannu, ka tayar da inji domin duk allunan su kama. Zauna yadda ka saba zama, ka dubi allon da ke ba ka wahala da tabarau a ido, sannan ka cire shi ka sake dubawa.

In da cirewa allon ya dawo tar, tabarau ne. Wuce mataki na biyu.

In ka cire amma allon na nan dishi-dishi, ko tsakiyarsa ya yi baƙi kamar ya ƙone, ko lambobi sun guntule, to allon ne ya gaji. Zafin bazara yana cin irin waɗannan alluna, musamman a motar da ke yini a rana. Wannan aikin mai gyara ne, canza tabarau ba zai yi komai ba.

In kuwa hasken allon ya isa amma ƙananan rubutu ne suke haɗe maka, kuma ka lura kana nisanta waya kafin ka karanta saƙo, idonka ne ke neman gilashin karatu. Yawanci daga shekara 40 zuwa sama abin yake farawa. Je wurin likitan ido a auna ka.

Hattara: duk gwaje-gwajen da ke cikin wannan jagora da mota a tsaye ake yinsu. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a daƙiƙa ɗaya. Daƙiƙa biyu kana leƙen allo, ka shafe mita 50 ba ka ga hanya ba, kuma kowa ya san yadda jaki ko amalanke ke faɗowa kwalta tsakanin Mirya da gari.

2. Gwada ko tabarau ɗin da gaske yana kashe ƙyalli

Ba duk wanda aka manna wa takardar Polarized ne na gaske ba. Kunna waya, buɗe farin shafi, ƙara haske. Riƙe tabarau a gaban allon kana kallo ta gilashi ɗaya, sai ka juya shi a hankali kamar kana murɗa sitiyari. Na gaske zai yi haske a wani wuri, ya yi duhu a wani, wani lokaci har allon ya ɓace. In ka zagaya da shi ba abin da ya canza, ko dai baƙin gilashi ne kawai, ko wayarka mai allon AMOLED ce, wani nau'in allo na wayoyin zamani, domin irin wannan allo sau da yawa ba ya ɓacewa, sai dai launinsa ya ɗan sauya. Sake gwadawa da allon kwamfuta, ko agogon hannu mai lambobi, ko na'urar lissafin mai shago. In akwai wani tabarau da ka tabbatar da shi, ɗora ɗaya kan ɗaya ka juya guda ya gitta wa ɗan'uwansa: inda suka haɗu zai yi baƙi.

Ga abin da ke faruwa a taƙaice, don sauran matakan su zo maka da sauƙi. Hasken da ya bugi shimfiɗaɗɗen abu, kwalta ko ruwa ko murfin inji, yawancinsa a kwance yake dawowa. A cikin gilashin tabarau an sa wata siririyar leda da ke barin haske mai zuwa a tsaye ya wuce, ta tare mai zuwa a kwance. Kamar taga ce mai sandunan ƙarfe a tsaye: in ka tsayar da faranti zai shige, in ka kwantar da shi ya maƙale. Allon LCD, wato irin wanda ke cikin yawancin motoci da na'urar lissafi, shi ma yana da irin wannan leda a fuskarsa, saboda haka duk haskensa ta fuska ɗaya yake fitowa. In ta dace da ta tabarau, ka gani sarai. In sun saɓa da digiri 30, kashi 75 cikin ɗari ne zai wuce. A digiri 45, rabi. A digiri 60, kashi 25. A digiri 90, kusan babu. Kowane kamfani da yadda yake kwantar da ledar allonsa, shi ya sa tabarau ɗaya zai yi lafiya a motar maƙwabcinka ya ƙi a taka.

3. Bi allunan motarka ɗaya bayan ɗaya

A nan ne aikin yake, kada ka yi gaggawa. Sa tabarau, zauna daidai, ka dubi kowane allo da kanka a miƙe. Sannan ka karkata kai a hankali zuwa kafaɗar dama, ka dawo, ka karkata zuwa hagu. Lura da inda ya fi haske da inda ya mutu.

Fara da allon bayan sitiyari. Allurar gudu da ta mai, da ƙananan fitilun gargaɗi irin na batir da man inji, ba ruwansu da tabarau, za ka gan su, sai dai su ɗan dusashe. Damuwar tana wurin ƙaramin allon tsakiya mai nuna kilomita, giya da agogo. A motoci da yawa na yanzu an cire allurar mai da ta zafin inji an mayar da su 'yan sanduna a cikin wannan allo. Wanda zai kama hanyar Tanut zuwa Agadas da rana tsaka bai kamata ya tashi da tabarau da ke ɓoye masa zafin inji ba, domin kafin ya ji wari ruwa ya riga ya tafasa.

Sai allon rediyo, musamman manyan nan masu Android da ake sakawa daga baya. Su ne aka fi kawo kuka a kansu. Taka birki ka sa ribas domin kyamarar baya ta kama, ka sa wani ya tsaya a bayan motar, sannan ya durƙusa. Kana ganinsa a tsaye? A durƙushe fa? Ka tuna lungunan Birni da Zango, inda yaro ɗan shekara uku ko akuya ke iya zama daf da taya. In hoton ya yi duhu har ba ka rarrabe mutum da inuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, ka ɗauke shi da muhimmanci kamar lalacewar birki.

Daga nan allon na'urar sanyi, madubin tsakiya in yana da allo a ciki, da wayar da ke kan maƙalinta.

Ƙarshe ka waiwayi gilasan mota. A na gefe da na baya za ka iya ganin ɗigo-ɗigo ko layuka jere, alamar yadda aka gasa gilashin ne a masana'anta, ba lalacewa ba ce. In an manna baƙar leda, wani lokaci sai ka ga launuka kamar na bakan gizo. In launukan sun kai ga hana ka ganin madubin gefe da kyau, ka lissafa wannan cikin matsalolin.

Masu babur: allon gudun wasu sababbin babura LCD ne, ku gwada shi. In kuna da hular kwano mai gilashi, ku sauke gilashin a kan tabarau ku duba, domin roba tana fitar da launuka masu gajiyar da ido.

Bayan wannan zagaye za ka san ajin da kake. Ko komai na fitowa, sai ka ci gaba da harkarka. Ko allo ya dusashe amma ana karantawa, wanda galibi mataki na huɗu ke warware shi. Ko wani allo mai muhimmanci ya mutu ɗungum da kanka a miƙe, wanda sai an kai ga mataki na biyar ko na bakwai.

Hattara: in ka gano cewa karkata kai na dawo da allo, kada ka mayar da shi ɗabi'a a kan hanya. Wuyan da ya karkata yana jan hannu, hannu ya ja sitiyari.

4. Gyaran da ba ya cin kuɗi

Waya ce mafi sauƙi. Wayoyi da yawa masu allon LCD suna fitowa sarai a tsaye su mutu a kwance, wasu akasin haka. Juya maƙalin zuwa fuskar da ta yi haske, ka ɗaure shi a nan. Shi ke nan.

Na mota ba ya juyuwa, sai a bi ta haske. Nemo maɓallin hasken allo, yawanci ƙaramar taya ce ko maɓalli a gefen sitiyari, ka kai shi ƙarshe. A rediyo ka shiga saituna ka ƙara haske, ka zaɓi yanayin rana, taswira kuma ka bar ta da farin fage.

Akwai wani abu da ke ruɗa direbobinmu lokacin hunturu. In hazo ya sauka mutum yakan kunna fitilu da rana don a gan shi, kuma daidai ne. Amma motoci da yawa da zarar an kunna fitila sai su ɗauka dare ya yi, su rage hasken allo da kansu. Ga allo a rage, ga tabarau ya yanke rabin abin da ya saura, dole ka ga duhu. Kunna fitilun yanzu kana tsaye ka ga ko haka motarka take yi. In haka ne, murɗa tayar hasken har ƙarshe da fitilun a kunne, a wasu motoci hakan na dawo da hasken rana. A rediyon Android kuwa akwai saitin da ke raba hasken allo da fitila, ka kashe rage haske na kai tsaye. Da magariba sai ka tuna ka rage da hannu, kada allon ya kashe maka ido da dare.

Goge allon ma yana taimakawa fiye da yadda ake zato. Ƙurar garin nan da maiƙon yatsa suna watsa hasken rana a fuskar allo. Hure ƙurar tukuna, sannan ka bi da tsumma mai ɗan danshi.

5. Leda a fuskar allo

In allon ya mutu gaba ɗaya, ƙara haske ba zai fid da kai ba. Wasu robobi garau suna da halin murɗa fuskar hasken da ya ratsa su, sai abin da tabarau ke tarewa ya sami hanyar wucewa. Kafin ka sayi komai, gwada da salatif. Yanki ɗan guntu, ka riƙe shi a gaban allon ba tare da ka manna ba, kana sanye da tabarau. Juya shi a hankali. A wata kusurwa, galibi in ya karkata tsakanin tsaye da kwance, za ka ga wurin da ya rufe ya haskaka, ko da da ɗan launi. In ka ga haka, leda za ta yi maka aiki.

Je wurin masu manna wa waya kariya, ka tafi da motar da tabarau. Nemi ledar roba mai faɗi irin ta babbar waya ko ta kwamfuta. Ta gilashi yawanci ba ta murɗa haske, kada ka ɓata kuɗinka a kanta don wannan aiki. Ka ce masa: “Malam, kafin ka yanka, ɗora mini ita a kan allon mu juya.” Ku juya har ku sami kusurwar da ta fi haske da ƙarancin launi, a yi alama, sannan a yanka a wannan kusurwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yanka leda daidai da gefunanta don tsimi, a manna, sai a tarar ba ta canza komai ba. Yankan karkace yana cin leda, saboda haka ka sayi wadda ta fi allon girma sosai. Duk da haka kuɗinta bai kai na sabon tabarau mai kyau ba.

Hattara: kada ka manna salatif ɗin kansa a allo. Rana za ta narkar da gam ɗinsa ya kama ƙura, cire shi kuma na iya ɓata fuskar allon. Bayan an manna leda ka gwada taɓa allon ta kowane gefe kafin ka biya.

6. Lambobin da ke fitowa a gilashin gaba

Wasu manyan motoci na zamani suna haska gudu da kibiyar hanya a kan gilashin gaba. Wannan hoton haske ne da ya bugi gilashi ya dawo, wato ainihin irin ƙyallin da aka ƙera tabarau ɗin don ya kashe. Shi ya sa yake ɓacewa kusan gaba ɗaya a yawancin motoci. Ka kai haskensa ƙarshe ka gani, in bai wadatar ba, zaɓi biyu ne: ka koma duba allon bayan sitiyari, ko ka canza tabarau.

7. In sai an sayi wani

Ra'ayina shi ne direban da motarsa ke cike da alluna, kuma yawancin tuƙinsa a cikin gari ne, ya nemi baƙin tabarau mai kyau wanda ba ya tace haske ta fuska ɗaya. Matuƙan jirgin sama ma hukumar kula da jirage ta Amurka irin shawarar da take ba su ke nan, saboda allunan gabansu. Mai doguwar tafiya da motarsa ke da allurai, irin tsofaffin Hilux da Land Cruiser, shi kam mai kashe ƙyalli ya fi masa, domin yana rage ƙyallin kwalta da inuwar saman dashbod da ke faɗowa a gilashin gaba. Wanda ke yin duka biyun ya ajiye guda biyu a mota.

Ga abin da za ka duba, a jere. Na farko lambar duhu, wadda ake rubutawa a cikin hannun tabarau daga 0 zuwa 4. Lamba 2 tana barin kashi 18 zuwa 43 cikin ɗari na haske, ta dace da ranar hazo. Lamba 3 tana barin kashi 8 zuwa 18, ita ce ta ranarmu ta bazara. Lamba 4 kashi 3 zuwa 8 kawai take bari, kuma ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ce ba a tuƙi da ita.

Na biyu alamar UV400. Kashe ƙyalli daban, kare ido daga hasken da ke cutar da shi daban. Baƙin gilashi marar wannan kariya yana sa ƙwayar ido ta buɗe, mugun hasken ya ƙara samun shiga. Ido ba ya iya tantance wannan, takardar da aka manna kuma kowa na iya buga ta. Wasu shagunan gilashin ido suna da na'urar aunawa, ka tambaya a auna maka.

Na uku launi. Ruwan toka ba ya canza launin danja da fitilun birki, ruwan ƙasa yana fito da hanya a cikin hazo. Shuɗi da ja da sauran na ado a bar wa ranar biki. Akwai kuma wanda samansa ke da duhu ƙasansa ya yi haske, yana da daɗin tuƙi ƙwarai, sama ya tare rana, ƙasa ya bar ka ka karanta allo. Na huɗu hannu: mai faɗi yana toshe ganin gefe, kuma ta gefe ɗan kabu-kabu ke ɓullowa.

Mai sanye da gilashin likita ya nemi baƙin da ake maƙalawa a kai a ɗaga shi sama da yatsa ɗaya. Gilashin da ke yin duhu da kansa in an fita rana ba ya yin duhu sosai a cikin mota, domin gilashin gaba ya riga ya tare yawancin hasken da ke tayar da shi.

Batun kuɗi: na tebur a kasuwar Dole ko bakin tasha 'yan jikkuna ne, na shagon gilashin ido ya ninka haka sau da yawa, kuma kalmar Polarized kaɗai tana sa mai sayarwa ya ƙara farashi. Kada ka biya ƙarin sai ka gwada da waya a gabansa. In motar na kusa ka ce: “Alhaji, ga wayata riƙe, bari in zauna a mota da shi minti biyu.” Mai kaya nagari ba zai hana ka ba. Ɗaga tabarau ɗin kuma ka kalli gefen ƙofa ko turken wuta ta cikinsa kana motsa shi, in layin yana lanƙwasa, gilashin zai sa ka ciwon kai, ajiye shi.

8. A kan hanya

Babbar hanyar ƙasa da ta ratsa Damagaram gabas da yamma ta miƙe. Mai fita zuwa Gure da safe da mai nufar Takeita da yamma rana ce a fuskarsu kai tsaye. Irin wannan haske ba ƙyallin kwalta ba ne, mai kashe ƙyalli bai fi sauran baƙin tabarau tare shi ba. Sauke marfin tare rana, ka wanke gilashin gaba ciki da waje, ka rage gudu.

Da damina ka ƙara kula. Sheƙin da ke nuna maka ruwa ya kwanta ko mai ya zube a kwalta yana cikin abin da tabarau ke gogewa, sai wurin ya zo maka kamar busasshe.

A gidan mai, galibi allon famfo LCD ne. Ɗaga tabarau ka ga an fara daga sifiri, ka kuma ga inda aka tsaya. Haka a injin cire kuɗi.

Hattara: da rana ta faɗi, ko guguwar ƙura ta rufe gari, cire kowane baƙin tabarau. Mai ruwan ɗorawa da ake tallarsa da sunan na tuƙin dare shi ma rage haske yake yi, ba ƙarawa ba.

9. Ajiya da gogewa

Kada ka bar tabarau a kan dashbod. Zafin da ke taruwa a wurin cikin watan Afrilu da Mayu yana ɗaga ledar cikin gilashi, gefuna su yi kumfa, firam ya lanƙwashe. In firam ya karkace, fuskar tacewar ma ta karkace, allon da kake gani jiya sai ya dusashe yau. Sa shi cikin gidansa, ka fita da shi in motar za ta yini a rana.

Wajen gogewa ruwa ne farko. Ƙurarmu yashi ce, in ka murza ta da bakin riga ko gefen rawani a bushe, zane za ta bari, kuma gilashi mai zane yana watsa hasken rana cikin ido. Zuba ruwa ya wanke ƙurar, ɗiga sabulun ruwa kaɗan in akwai maiƙo, ɗauraye, sannan ka tsane da tsumma mai laushi da ka keɓe don wannan. Duk lokacin da ka canza mota, rediyo, waya ko tabarau, koma mataki na uku ka sake bin allunan kafin ka hau hanya.